Shin Makami Mai Linzami Ya Kashe Kasuwar Jirgin Dakon Jiragen Yaƙi?

Tambaya daga wani ɗalibin tarihi a Jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo ta Maradi: "Malam, muna jin cewa duk inda rikici ya tashi Amurka takan tura manyan jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi, amma kuma ana cewa makami mai linzami guda, ko jirgi maras matuƙi, yana iya hallaka su. Mene ne ainihin aikinsu a yaƙin zamani, kuma shin zamaninsu bai wuce ba?"

Ɗana, a ganina zamanin wannan jirgi bai wuce ba, amma hatsarin da ke gabansa na gaske ne, kuma masu muhawara da yawa suna neman hatsarin a inda ba nan ya fi tsanani ba. Abin da aka fi tambaya shi ne ko za a iya nutsar da shi. Abin da ya fi hana hafsoshin ruwa barci kuwa shi ne ko za a iya tilasta masa tsayawa nesa, can inda jiragen da yake ɗauke da su ba za su iya kai hari su dawo ba, domin idan aka yi masa haka an raba shi da amfaninsa ko da harsashi ɗaya bai taɓa shi ba.

Jirgin dako filin jirgin sama ne da aka ɗora a kan ruwa. Mafi girmansu a yau, Gerald R. Ford na Amurka, wanda ya shiga aiki a 2017, tsawonsa ya haura mita 330, nauyinsa kimanin tan 100,000, yana ɗaukar mutane fiye da 4,000 da jiragen sama har wajen 75, kuma yana gudun da ya wuce kilomita 55 a awa. Tun da doronsa bai kai tsawon titin filin jirgin sama ba, wata na'ura ce take cilla jirgi sama cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, idan kuma zai sauka sai ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta kama igiyar ƙarfe ta tsayar da shi. Ƙera shi ya ci kusan dala biliyan 13, kuɗin da ya ninka kasafin shekara na Nijar fiye da sau biyu, ban da kuɗin jiragen da ke kansa. Amurka tana da manyan jiragen dako goma sha ɗaya, dukansu masu aiki da nukiliya, Sin tana da uku, Birtaniya da Indiya biyu-biyu, Faransa kuma guda, wato Charles de Gaulle.

Dalilin da ya sa ake kashe wannan dukiya, mu ƴan Nijar mun fi kowa saurin gane shi, domin a gabanmu abin ya faru. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 wajen gina sansanin jiragen marasa matuƙa na 201 a Agadas, amma da hukumomin Yamai suka soke yarjejeniyar soja a Maris na 2024, kafin ƙarshen Agusta na wannan shekara ta tattara ta bar wurin, kamar yadda sojojin Faransa suka fice a Disamba na 2023. Sansanin da ke ƙasar wani yana hannun mai ƙasar, ranar da ya ce a tashi dole a tashi. Jirgin dako kuwa yana tsayawa a ruwan da ba na kowa ba, bayan mil 12 na teku daga gaɓa, ba ya neman iznin sauka ko na tashi, kuma juyin mulki a wata ƙasa ba ya rufe shi. A Afrilu na 1986, lokacin da Amurka ta kai wa Libiya hari, Faransa da Sifaniya sun hana jiragen F-111 da suka taso daga Ingila ratsa sararin samaniyarsu, sai da suka kewaya ta mashigar Jibiralta a tafiyar da ta ɗauki kimanin awa 13 zuwa da dawowa, alhali jiragen da suka tashi daga jiragen dakon Amurka masu suna America da Coral Sea a Bahar Rum ba su nemi yardar kowa ba. Haka kuma a ƙarshen 2001, mafi yawan hare-haren sama na farko a kan Afganistan, ƙasar da ba ta da teku kamar tamu, daga jiragen dako da ke Tekun Arabiya suka taso, ana shayar da su mai a sama.

Akwai kuma aikin da yake yi ba tare da ya harba komai ba. A 1996, da Sin ta yi ta harba makamai kusa da Taiwan, Amurka ta tura jiragen dakonta Independence da Nimitz yankin, kuma kowa ya karanta saƙon. Sai dai shugabannin Sin sun ɗauki darasi daga wannan rana, kuma yawancin makaman da zan ambata nan gaba an ƙera su ne domin kada a sake yi musu haka.

Kada ka ɗauka cewa raunin jirgin dako sabon abu ne da makami mai linzami ya zo da shi. Tun ranar da aka haife shi yake da rauni, domin tuli ne na man jirgi da bama-bamai a cikin ƙarfe guda. Yaƙin Duniya na Biyu bai cika mako uku da farawa ba, a Satumba na 1939, jirgin nutso na Jamus, wato mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, ya nutsar da jirgin dako Courageous na Birtaniya. A Midway, a Yuni na 1942, Japan ta rasa jiragen dako huɗu, Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu, uku daga cikinsu sun kama da wuta cikin ƴan mintuna saboda bama-baman Amurka sun same su cike da jiragen da aka ɗura wa mai aka ɗaura wa makamai. Shinano, wanda ya fi kowane jirgin dako girma a zamaninsa, jirgin nutso guda ne ya kai shi ƙasan teku a Nuwamba na 1944, kwanaki kaɗan bayan an ƙaddamar da shi. Duk da wannan asara ba wanda ya ce a daina ƙera su, saboda a wannan yaƙi ne aka ga cewa jirgin da ke aika hari kilomita ɗaruruwa ya fi ƙarfin jirgin igwa da ke harbi kilomita arba'in, kuma jiragen da suka tashi daga jiragen dako ne suka nutsar da Yamato, mafi girman jiragen igwa, a Afrilu na 1945. Saboda haka rauni kaɗai bai taɓa zama hujjar yin watsi da shi ba. Abin da ya riƙe shi shi ne tsawon hannunsa, wato yana iya bugun abokin gaba daga inda abokin gaba ba zai iya ramawa ba, kuma wannan fifiko ne ake neman ƙwace masa a yau.

Tun daga 1945 babu wani babban jirgin dako da abokan gaba suka nutsar a teku, amma wajibi ne a faɗi dalili: tun lokacin bai yi gaba da gaba da rundunar da ta kai tasa ba. Gwajin da ya fi kusa da haka shi ne yaƙin tsibiran Falkland a 1982, kuma ina son ka nazarce shi da kyau. Birtaniya ta je yaƙi kimanin kilomita 13,000 daga gida da ƙananan jiragen dako biyu, Hermes da Invincible, kuma ba don su ba da ba ta iya ƙwato tsibiran ba. Ajantina tana da makamai masu linzami na Exocet ƙirar Faransa guda biyar kacal na harbawa daga sama, amma da su ta hallaka jirgin rakiya Sheffield a ranar 4 ga Mayu da jirgin kaya Atlantic Conveyor a ranar 25 ga Mayu. Tsoron waɗannan makamai biyar ya sa kwamandan Birtaniya ya riƙe jiragen dakonsa can gabas da tsibiran, abin da ya rage lokacin da jiragen Harrier za su iya shawagi a kan sojojin da ake saukewa, jiragen rakiya kuma suka sha bama-bamai a mashigar San Carlos. A ɗaya ɓangaren, da jirgin nutso Conqueror na Birtaniya ya nutsar da jirgin yaƙin Ajantina General Belgrano a ranar 2 ga Mayu, jirgin dakon Ajantina guda tilo ya koma tashar ruwa bai sake fitowa yaƙi ba. Ba a nutsar da jirgin dako ko ɗaya ba a wannan yaƙi, amma an tura biyu baya, an kuma kulle na uku a gida.

Masu cewa makami guda ya isa sukan manta cewa kafin ka bugi abu sai ka san inda yake, kuma teku tana da faɗi. Jirgin da ke gudun kilomita 55 a awa, idan tauraron ɗan'adam ya hango shi yanzu, bayan awa guda yana iya kasancewa ko'ina cikin da'irar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita 9,000. Dole mai hari ya gano shi, ya tabbatar da cewa shi ne ba jirgin dakon mai ba, ya ci gaba da bin sawunsa, ya isar da bayanin ga masu harbi, sannan makamin da kansa ya sake gano shi a daƙiƙun ƙarshe yana tafe da gudun da ya ninka na sauti. Ko'ina aka tsinke wannan sarƙa, ta hanyar dagula rada, ko yaudarar makamin da jirgin bogi, ko makantar da tauraron, hari ya lalace. Filin jirgin sama na ƙasa ba shi da wannan gata, domin kowa ya san inda yake. Iran ta yi ruwan makamai a kan sansanin Ain al-Asad na Iraƙi, inda sojojin Amurka suke, a Janairu na 2020, Yukiren kuma ta ƙona manyan jiragen Rasha a filayensu a ranar 1 ga Yuni na 2025 da ƙananan jirage marasa matuƙa da aka ɓoye cikin motocin kaya, har da sansanin Belaya a can Saiberiya. Duk wanda zai yi hukunci a kan jirgin dako, ya dace ya auna shi da abin da zai maye gurbinsa.

Bugu da ƙari, ba ya tafiya shi kaɗai. Tsarinsa irin na ayarin fataken da ne, inda kaya masu daraja ke tsakiya, jagaba yana gaba yana duba hanya, masu makamai kuma suna kewaye. Rada da ke jikin jirgin ruwa ba ta ganin makamin da ke tafe dab da ruwa sai ya matso kamar kilomita 30 zuwa 40, saboda lanƙwasar doron duniya, wato saura kimanin minti biyu ke nan ya iso. Shi ya sa ake tayar da jirgin E-2 Hawkeye mai faifan rada a bayansa ya yi shawagi a sama yana hango ɗaruruwan kilomita, kuma rashin irinsa yana cikin abin da ya cuci Birtaniya a Falkland. Bayansa akwai jiragen yaƙi masu sintiri, sai jiragen rakiya masu tsarin Aegis da ke harbo makamai a sama, sai jirgin nutso da ke farautar takwarorinsa a ƙarƙashi, sannan bindigogin kusa a matsayin kariya ta ƙarshe.

To amma ga inda matsalar take. Jirgin F/A-18 Super Hornet, wanda shi ne mafi yawa a doron jiragen dakon Amurka, idan yana ɗauke da bama-bamai bai cika wuce kilomita 700 zuwa 800 ba ya juyo, sai dai in an shayar da shi mai a sama. F-35C yana haura kilomita 1,100. Domin ka ga ma'anar wannan, daga gaɓar Legas zuwa Maradi a miƙe kusan kilomita 900 ne, wato jirgin dako da ya tsaya dab da gaɓar ma da ƙyar jiragensa za su iso nan su koma ba tare da taimako ba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa Faransa ta yi yaƙin Mali na 2013 da na Barkhane daga filayen Njamena da Yamai, ba daga Charles de Gaulle ba. A gefe guda kuma, makamin DF-21D na Sin an ƙiyasta yana cin kimanin kilomita 1,500, DF-26 kuwa kimanin 4,000, kuma ana harba su ne daga motocin da ke yawo a cikin ƙasa. Ma'ana hannun mai tsaron gaɓa ya fi na jirgin dako tsawo yanzu, akasin yadda aka saba tun 1942. Kwamanda yana da zaɓi biyu, kuma dukansu masu ɗaci ne: ya shiga cikin zangon makaman da mutane 4,000 ko fiye a jirgi guda, ko ya tsaya waje jiragensa su kai hari kaɗan bayan an sha wahalar shayar da su mai. Ba a taɓa gwada waɗannan makamai a kan jirgin dako a fagen fama ba, amma ba sai sun yi aiki ɗari bisa ɗari ba. Ya isa a ce shugaban ƙasa yana jin tsoron za su iya yi.

Ni dai har yanzu jirgin nutso nake ɗauka a matsayin maƙiyinsa mafi hatsari, domin makaminsa yana fashewa ne a ƙarƙashin ruwa, inda ɓaraka take nutsar da jirgi. A atisayen 2005, ƙaramin jirgin nutso na Suwidin mai suna Gotland ya ratsa kariyar jirgin dakon Amurka Ronald Reagan ya kai matsayin da zai iya harbinsa, a Oktoba na 2006 kuma wani jirgin nutso na Sin ya ɓullo kilomita kaɗan daga jirgin dakon Amurka Kitty Hawk kusa da Okinawa. Atisaye ba yaƙi ba ne, domin akan taƙaita wa jirgin dako fili da gudu, amma hafsoshin da suka san aikinsu ba su raina waɗannan darussa ba.

Game da jirage marasa matuƙa da ka ambata, Bahar Maliya ta ba mu abin dubawa. Daga ƙarshen 2023 ƴan Huthi na Yaman sun yi ta harba makamai da jirage marasa matuƙa a kan jiragen ruwa, jiragen dakon Amurka Eisenhower da Harry Truman kuma sun yi watanni a yankin ba tare da an tabbatar da cewa wani makami ya same su ba. Wannan ya nuna kariyar tana aiki. Amma ana harba makamin da ya kai dala miliyan biyu domin a kakkaɓo jirgin da kuɗinsa bai kai ko kusa ba, jirgin rakiya kuma ramukan harbi 90 zuwa 96 yake da su, idan suka ƙare sai ya koma tashar ruwa a sake cika shi. Truman ya rasa jiragen F/A-18 uku tsakanin Disamba na 2024 da Mayu na 2025: ɗaya jirgin rakiyarsa ne ya harbo shi bisa kuskure, ɗaya ya zame cikin teku lokacin da jirgin ya yi kwana mai tsanani yana kauce wa hari, na uku ya faɗi wajen sauka. Idan ƙungiyar da ba ta da rundunar ruwa ta iya gajiyar da su haka, abin tunani ne yadda za ta kasance da ƙasar da za ta harbo ɗaruruwa a lokaci guda. Shi kuwa Moskva na Rasha da Yukiren ta nutsar a Afrilu na 2022, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ba jirgin dako ba ne. Tsohon jirgi ne da ya matso gaɓa ba tare da irin wannan kariya mai hawa-hawa ba.

Nutsar da babban jirgin dako abu ne mai wuya ƙwarai. A 2005 Amurka ta yi kusan mako huɗu tana gwada fashe-fashe a jikin tsohon jirginta America, daga ƙarshe sai da aka nutsar da shi da gangan. Hana shi aiki kuwa bai kai haka wuya ba, domin rami a doro, ko lalacewar na'urar cilla jirage, ko gobara, ya isa ya mayar da shi gida na watanni. A Yuli na 1967 roka guda da ta tashi bisa kuskure a doron Forrestal ta haddasa gobarar da ta kashe mutum 134, a 2020 kuma cutar korona ta tsayar da jirgin dako Theodore Roosevelt a Guam kusan wata biyu. Nukiliya tana tuƙa jirgin shekara ashirin da wani abu ba a sake masa makamashi ba, amma man jiragen sama da bama-bamai da abincin dubban mutane jiragen kaya ne ke kawo su a kai a kai, kuma waɗannan jiragen kaya ba su da kariya mai ƙarfi. Ga kuma batun maye gurbi. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen dako 24 daga samfurin Essex, mafi yawansu kafin yaƙin ya ƙare. A yau masana'anta guda ce, a Newport News, ke ƙera mata irin waɗannan jirage, kuma Ford da aka kafa ƙashin bayansa a 2009 sai a 2023 ya yi cikakken fita aiki na farko. Daga cikin goma sha ɗayan ma, a kowane lokaci kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke bakin aiki, saura suna gyara ko horo. Abin da ba za a iya maye gurbinsa cikin shekara goma ba, shugabanni ba za su yi saurin jefa shi cikin hatsari ba, kuma wannan taka-tsantsan ɗin shi ma nasara ce ga abokin gaba.

Duk da haka, ka lura da abin da Sin take yi. Ƙasar da ta fi kowa zuba kuɗi a makaman kashe jirgin dako ita ce ta sayi gangar jirgin dako Varyag daga Yukiren ta mayar da ita Liaoning a 2012, ta shigar da Shandong da ta ƙera da kanta aiki a 2019, sannan Fujian mai na'urar cilla jirage ta lantarki. Hafsoshinta sun san cewa makami mai linzami yana hana wani shigowa ruwanka, amma ba ya raka jiragen kasuwancinka a Tekun Indiya, kuma ba ya ba rundunarka inuwar jiragen yaƙi idan ta yi nisa da gida. Saboda haka hukuncina shi ne, a gaban ƙasa mai matsakaicin ƙarfi jirgin dako yana nan da ikonsa, a gaban babbar ƙasa kuwa ba zai ƙara zama mai buɗe yaƙi a bakin gaɓa ba; jiragen nutso da makamai masu cin dogon zango ne za su fara, shi kuma ya matso bayan an makantar da idanun abokin gaba.

Idan kana son bin wannan al'amari a shekaru masu zuwa, ka sa ido a kan abin da ke tashi daga doronsa fiye da girman jirgin kansa. Amurka tana aikin MQ-25, jirgi maras matuƙi da zai riƙa shayar da jiragen yaƙi mai a sama domin ya ƙara musu zango. Turkiyya, wadda Nijar ta sayi jiragen Bayraktar TB2 daga gare ta, ta shigar da jirgin ruwanta Anadolu aiki a 2023, kuma a Nuwamba na 2024 jirgin TB3 maras matuƙi ya tashi daga doronsa ya sake sauka a kai. Idan irin waɗannan jirage suka kai ga ɗaukar makamai kilomita 2,000 ko fiye su dawo, jirgin dako zai iya yin aikinsa daga wajen zangon DF-21D, idan kuma ba su kai ba, ƙasashen da suka mallake shi za su ci gaba da biyan kuɗin babban makami alhali suna amfani da shi ne kawai a kan waɗanda ba za su iya ramawa ba.